Rigar Kwamfutar Mushe

Ranar da Mansura ta fara shiga shagon Shamsu a Sabon Gari, ta tarar da shi yana faɗa da kwamfuta. Ba da mai ita ba, da ita kanta na'urar, yana nuna ta da yatsa yana cewa wanda ya ƙera ta bai ji tsoron Allah ba.

"Salamu alaikum. In kun gama, ga kile ɗina ya ƙi buɗewa," in ji ta, tana miƙa masa ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta.

Ya juyo zai ce ta jira, sai bakin nan nasa, wanda duk Maraɗi ta shaida ba ya hutawa, ya tsaya cak. Doguwa ce, da ɗan murmushin mai shirin tsokana. Daga Tsibiri take zuwa kullum a kan kabu-kabu tana koyon aikin sakatariya. Gyaran da bai fi a hura a goge ba Shamsu ya ja shi har la'asar, kuma bai sake ta ba sai da lambar wayarta.

Shamsu gwanin gyara ne, amma ra'ayi ya fi ƙarfinsa. Kowace Asabar yana da fili a wani gidan rediyo mai zaman kansa, inda yake yanke wa na'urori hukunci: wannan batirinta maƙaryaci ne, waccan manhaja ɓarauniyar wuri ce, wancan gidan intanet kuwa kafin shafi ya buɗe ka yi furfura. Shekarar ce ake ta gardamar tazarce, kowa kunnensa na jikin rediyo yana jiran labarin siyasa, don haka mai so da marar so duk sun sha ra'ayin Shamsu.

Soyayya ta kankama ta waya.

"Batirina, yau wuta ba ta zo ba tun safe, amma na tuna ki shago ya yi haske."

"Sarkin Surutu, sayi janareto. Ni ɗiyar mutane ce, ba fitila ba."

Yakan karanta irin wannan amsar yana dariya shi kaɗai, har mai shayin gefensa ya fara yi masa kallon tausayi.

Cikin bazara wani dattijo ya zo shagon rungume da wata tsohuwar kwamfuta, yana kukan tana mutuwa da kanta in rana ta take. Sanye take da riga ta saƙar hannu, ja da ruwan ƙwai, har da tuntaye, ta rufe ta ruf, ga ƙamshin turaren wuta yana tashi. Shamsu ya share mata ciki, ya ce a daina sa mata rigar don tana toshe mata iska. Dattijon ya mayar mata da rigarta ya tafi.

Ranar Asabar Shamsu ya samu abin faɗi.

"Jama'a, na ga abin mamaki. Wani tsoho daga Tsibiri ya kawo mani ordinata da riga da turare, saura lalle a kai ta ɗakin miji. Ita kanta ta girmi dimokuraɗiyyar ƙasar ga. Baba, in kana ji na, tuɓe mata ta sha iska, ba sanyi take ji ba."

Garin ya yi dariya. Bai fita daga gidan rediyon ba saƙon Mansura ya shigo.

"Tsohon nan Babana ne. Rigar kuma Innata ta saƙa ta, ita ce saƙarta ta ƙarshe kafin ta rasu. Kar ka sake kira na."

Shamsu ya zauna a bakin dakali. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta, "Wallahi ban sani ba." Ta amsa, "Da ka sani, da ba ka faɗa ba. Da uban wata ne fa?" Wannan tambayar ta hana shi cin abinci, don ya san gaskiya ta faɗa, kuma ya san yana son ta fiye da yadda yake son jin muryarsa a rediyo, wanda ba ƙaramin so ba ne.

Duk da haka ya tura kawunsa Jibo wajen mahaifinta neman izinin aurenta. Mushe Abdulmutallib, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, tsohon malami mai ritaya, ya karɓi baƙo da mutunci, ya ba shi ruwa, ya saurare shi har ƙarshe.

"Yaron da ke magana a rediyo?" in ji Mushe. "Ku ce mashi ɗiyata ma riga take sawa, kuma tana turare. Kar ta je gidanshi ta toshe mashi iska."

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Ya'u, ɗan kasuwar da ya daɗe yana zagayen gidan saboda Mansura. Ya iso da mota da sabuwar kwamfutar hannu a kwali, kyauta ga Mushe. Ya buɗe ta a tsakar ɗaki, ya ga yatsunsa sun ɓata gilashin, ya waiga neman tsumma. Hannunsa ya faɗa kan rigar tsohuwar kwamfutar. Ya zare ta, ya goge gilashin tas, ya ƙara da goge takalminsa.

"Wannan tsohuwar a ba yara su yi wasa, Baba," in ji shi.

Mushe ya karɓi rigar a hankali ya kakkaɓe ta. Ya ce wa Ya'u ya gode, ya mayar da kayansa kwali, hanya ta fi kyau tun da sauran rana.

Shi kuwa Shamsu, Asabar ta zagayo ya shiga fili ba wasa a muryarsa.

"Jama'a, makon jiya na yi wa wani dattijo dariya. Maganar zahi gaskiya ce, riga tana toshe wa na'ura iska, wannan ban janye ba, don ban saba yi maku ƙarya ba. Amma dariyar na janye ta. Na ga riga, ban tambayi wa ya saƙa ta ba. Baba, ka gafarce ni."

Washegari ya hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, rungume da wani abu na katako mai ƙafa huɗu da ya sa kafinta ya yi masa. Ya durƙusa a zaure har Mushe ya gaji da kallonsa ya ce ya shigo.

"Mi ne ne wannan kuma?"

"Rumfa ce, Baba. A shimfiɗa rigar a sama, ordinata tana ƙasa. Tana cikin inuwar rigar, iska kuma na shiga ta ko'ina."

Mushe ya zagaya rumfar yana ƙwanƙwasa ƙafafunta kamar mai duba aikin ɗalibi. Da hannunsa ya shimfiɗa rigar, tuntayen suka sauko ta gefe. Aka kunna na'ura, aka zauna. Rana ta take, zafi ya kai inda yake kaiwa, Shamsu na addu'a a zuci kar wuta ta ɗauke, kar kuma tsohuwar ta ba shi kunya. Har aka kira la'asar tana aiki.

"A rediyo ka ce ba ka janye ba," in ji Mushe.

"Ban janye ba, Baba."

"Da ka janye, da na san don ɗiyata ka yi ƙarya. Bakinka ya yi yawa, amma ba na maƙaryaci ba ne. Turo kawun naka."

Daga bayan labule aka ji an ajiye tire da ƙarfi fiye da kima. Kafin Shamsu ya kai bakin titi saƙon Mansura ya shigo.

"Sarkin Surutu, ashe ka iya yin shiru. Ka yi kyau a durƙushe."

"Batirina, gwiwata ta mutu. Ki tausaya."

"Na tausaya. Ina son ka, amma kar in ji shi a rediyo."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure a ƙofar gidan Mushe, mutanen Tsibiri da na Jiratawa da 'yan Sabon Gari suka cika layin. Da yamma, ana shirin fita da amarya, Mushe ya shiga ɗakinsa ya fito da rigar nan a ninke. Ya kira Shamsu da Mansura gefe, ya ɗora ta a hannun 'yarsa.

"Innarki ba ta ga ɗakinki ba. To hannunta ya je."

Mansura ta rungume rigar tana kuka.

"Kai kuma," in ji Mushe yana share ido da hannun riga, "ita wannan da na ba ka, ka bar ta ta sha iska, amma kar ka bar ta ba inuwa. Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Duk zauren aka amsa da amin.