Matakalar Ruwa ta Granada

"Goge lambar yaron nan daga wayarki, Juwairiyya! Yanzu-yanzu, ina saurare!"

Na tsaya cak a tsakiyar falonmu na Hyattsville a Amurka, da tiren shayi a hannu.

Umma tana kujerarta ta bakin taga, ta saito fuskarta daidai inda nake. Hawan jinin ido ya daɗe da tafiya da ganinta, amma ko cokali ya faɗi a gidan nan sai ta faɗa maka a wane ɗaki.

A gefenta Mubaraka ce, abokiyar aikin saurayina Bashar a sashen Hausa na gidan rediyo. Ta sha kwalliya da safiyar Lahadi, tana wani marairaice murya kamar mai zuwa ta'aziyya.

"Wallahi Hajiya ba gulma na kawo ba," in ji ta. "Da kunnena na ji shi a ofis yana waya da wata Pauline, sai zuba mata Faransanci yake ƙasa-ƙasa. Kafin mu ankara ya ɗauki vacation, wai ya tafi Sifen. Ni tausayin Juwairiyya ne ya taso ni."

Tausayi! Ita da duk Washington an san tun ranar da Bashar ya sauka daga Damagaram take kai masa dambun nama ofis.

Amma maganarta ta soke ni, don ni ma bai gaya mini inda za shi ba. Cewa kawai ya yi, "Jujuna, ki yi haƙuri da ni kwana kaɗan."

"Umma, don Allah ki bari ya dawo mu ji ta bakinsa..."

"Bakinsa?" Umma ta yi dariyar takaici. "Ai baki shi ne sana'arsu! Ni za ki gaya wa ɗan rediyo? Ni da na auri ɗaya?"

Nan ne gizo ke saƙar. Abbana, marigayi Malam Hashimu, a wannan sashen ya ƙare rayuwarsa. Tun ina 'yar firamare aiki ya taɓa kai shi Granada, tsohon birnin Musulmin Andalus, ya dawo ya cika wa Umma kunne da labarinsa. Ya ce akwai fadar sarakuna mai suna Alhamra, kuma a lambunta akwai wata matakala da ruwa ke gudu a cikin madafar hannunta. Ya rantse zai kai ta. Bana aiki ya yi yawa, baɗi akwai zaɓe a gida, sai an yi ritaya... har Allah ya karɓi abinsa, idon Umma kuma ya bi baya. Tun daga nan Umma ta yi rantsuwa 'yarta tilo ba za ta auri ɗan rediyo ba, wai alkawarinsu a iska yake tafiya kamar labaransu.

Ni kuma duk mazan Maryland, zuciyata ta rasa wanda za ta liƙe wa sai ɗan rediyo.

Na ajiye tiren na ɗago wayar, hawaye na ɗiga a kan gilashinta.

Sai ta ɗau ruri.

"Shi ne, ko?" Umma ta ce. "Buɗe muryar kowa ya ji. Yau za a yi ta ta ƙare!"

Na danna.

"Jujuna, hasken raina..."

"Bashar, Umma na ji!" na katse shi, kunya kamar in nutse.

"Alhamdu lillahi, dama su nake biɗa. Hajiya, ina kwananku? Kun tashi lahiya?"

"Lafiya," Umma ta amsa a daƙile. "Kana ina?"

"Ina Granada, Hajiya."

Kofin da ke hannun Umma ya yi ƙara a kan faranti.

"Granada?"

"Ita fa. Bon, ku ba ni dama in yi aikina kaɗan, in kun ƙoshi ku kashe."

Bai jira izini ba. Muryarsa ta sauya, ta koma wadda ake ji a rediyo, mai sanyi da natsuwa.

"Nan la'asar ta kawo jiki. Ina tsaye cikin lambun sarakuna, bisa tudu. Dama da ni fadar Alhamra ce, ginin jan ƙasa irin na birninmu na Damagaram, sai dai cikinta an sassaƙe bango kamar aikin babbar riga. Ko'ina ka shafa ido rubutu guda ne: babu mai rinjaye sai Allah. Akwai tsakar gida da zakunan dutse suka goya kwanon ruwa, kowane na fesowa ta baki. Can baya duwatsu ne da ƙanƙara a kansu, alhali nan ƙasa zufa nake."

Na ga Umma ta ajiye kofin.

"Gabana kuma tsohuwar unguwa ce, Albaisin, gidaje farare, lunguna ƙanana kamar na cikin birnin Kano. Jiya na yi azahar a masallacin da ke saman unguwar. Da na sauko na bi wani lungu da babu abin da ake saidawa sai shayi, ƙamshin na'ana'a da kirfa tun daga bakin hanya. Na sha, Hajiya, amma bai kai naku ba."

"Daɗin baki," Umma ta ce, sai dai muryarta ta yi laushi. Sannan a hankali ta tambaya, "Matakalar fa? Wadda ake cewa ruwa na bin madafarta... da gaske akwai ta?"

"Ku saurara."

Sai falonmu ya cika da ƙarar ruwa.

Siririn ruwa mai gudu, yana sauka yana waƙa, da kukan tsuntsaye a bayansa.

Umma ta dafe ƙirji. Hawaye suka ɓalle mata. Rabon da in ga kukanta tun rasuwar Abba.

Ganin kasuwa na neman watsewa, Mubaraka ta yi wuf ta ce, "To Pauline ɗin fa? A tambaye shi mana!"

"Au, Mubaraka, kina nan?" Bashar ya yi dariya. "Ga ta ma kusa da ni. Madam, gaida surukata."

Wata murya ta tsohuwa tukuf ta ratso wayar, tana karkarwa: "San-nu, Ha-ji-ya!"

Dariya ta kuɓuce mini cikin kuka.

"Jikokinta sun girme ki, Mubaraka," in ji Bashar. "Aikinta zagayawa da baƙin da ba su gani. Kwanakin nan duk ido rufe na yi su, ina riƙe da gwiwar hannunta, tana koya mini inda dutse ke da santsi, inda hawa ke da wuya, inda za a zauna a huta, da abin da aka yarda a taɓa. Na ƙume goshi da bango har ya yi ƙulu, Juju za ta gani."

"Don me ka yi haka?" Umma ta tambaya.

"Don in iya riƙe hannunku, Hajiya."

Umma ta share fuska da gefen mayafi, ta sake tamke ta.

"Wato kai ma alkawarin za ka yi mini."

"A'a. Na ji abin da alkawari ya yi muku, shi ya sa na rufe bakina har ga Juju. Tikiti biyu na hannuna, naku da nata, na watan Mayu. Ko kun ba ni ita ko kun hana, za ku zo. In ba ku son ganina, Madam Pauline za ta riƙe ku."



Na durƙusa a gaban Umma na kama ƙafafunta. "Umma, ina son shi... wallahi ina son shi!"

Ta lalubo kaina ta dafa.

"Kai Bashar!"

"Na'am, Hajiya."

"Wane irin rashin tunani ne wannan? Mata biyu su kama hanyar ƙasar Turawa babu muharrami? Maza ka dawo ka turo manyanka, ka ƙaro tikiti na uku!"

Kabbarar da ya yi sai da wayar ta yi ƙara. Ni kuwa na ƙanƙame Umma ina kuka ina dariya. Mubaraka ta suri jakarta, wai ta tuna ta bar tukunya a wuta, shayinta ma ba ta shanye ba.

A watan Afrilu aka ɗaura aurenmu a Beltsville, 'yan Najeriya da 'yan Nijar aka cika zauren taf, har da Mubaraka a layin gaba tana ɗaukar hoto.

Watan Mayu kuma ya same mu a Granada. Mun sha shayin lungun nan, Umma ta tabbatar bai kai nata ba. Ta sa an saya mata turare, ta taya da Hausa, kuma aka rage mata. Amarya ce ni, amma gwiwar hannun angona ta gagare ni, Umma ta riƙe abarta kam.

"Kishi kike, Jujuna?" ya raɗa mini.

"Sosai ma!"

"Ina jin ku," in ji Umma.

A ƙasan matakalar, ƙarƙashin inuwar itatuwa, Bashar ya tsaya. Ya kama hannunta na dama ya ɗora a kan madafar, ya zura yatsunta cikin ruwan.

Umma ta ja numfashi. Ruwan sanyi na bin tafinta yana wucewa, ta daɗe ba ta motsa ba.

"Malam," ta ce can ƙasa-ƙasa kamar Abba na gabanta, "ashe ba ƙari ka yi ba. Ga ni na zo. Na yafe maka."

Na kifa kaina a kafaɗar mijina ina sheshsheƙa.

Umma ta ɗaga ƙafa ta taka matakin farko, hannu ɗaya cikin ruwa, ɗaya a gwiwar hannun surukinta.

"To ɗan rediyo," ta ce tana murmushi, "ci gaba da shirin. Me ke gabanmu?"