Tsohon da Ke Cin Baƙaƙe

Ku matso, ku rage murya. Tanimu abin ya samu, jikan Hajiya Asabe, wanda aka haifa a Malabo, inda Hausawa ke jin Sifaniyanci kamar ba gobe.

Wasu masu binciken harshe ne suka ɗauke shi aiki. Suka ba shi waya mai manhaja da aka horar da ita da dubban muryoyi. Shi yana naɗar hirar mutane, ita tana auna yadda baƙaƙe ke laushi a bakinsu idan zance ya yi sauri. In ta nuna ɗari, baƙin ya fito raɗau. In sifili, an haɗiye shi.

Ran nan da tsakar rana ya yanke ta wata gonar koko da aka daɗe da watsarwa. Shi kaɗai. Wari ya fara tarar sa, warin ruɓa mai zaƙi-zaƙi. Sai ga wani tsoho zaune kan tulin ɓawon koko, ƙudaje sun rufe masa ƙafafu, ko korar su bai yi ba.

Tanimu ya danne numfashi. "Sannu, Baba. Ko zan ɗan naɗi muryarka?"

Tsohon ya soma zuba Sifaniyanci. Muryar a jiƙe take, kamar ana taka taɓo. Tanimu na gane kowace kalma. Ya dubi wayar. Sifili. Sifili. Sifili.

Ya ɗago kai. Leɓunan tsohon ba sa haɗuwa. Babu haƙori. Babu ma harshe, sai wani baƙin yawu mai kauri yana dalala kan gemu, tsutsotsi na motsi a ciki. Tanimu ya ja da baya.

"Kai ma yi magana, ɗana," in ji tsohon, yanzu da Hausa. "Yaya sunanka?"

"Tanimu."

Tsohon ya cafki iska da baki. Ya mamula wani abu, ya haɗiye, maƙogwaronsa ya yi ƙut.

"Sake faɗa."

"Animu."

Tanimu ya sake gwadawa. Harshensa ya taɓa haƙora, amma ba abin da ya fita.

"Akwai daɗi," in ji tsohon, ya matso. "Ci gaba. Yi addu'a mana."

Addu'ar har ta iso bakinsa. Sai ya gane abin da ake jira: tsohon so yake ya cinye baƙaƙenta. Ya toshe baki da hannu biyu, ya karanta a zuci, ya juya a guje. Bai tsaya ba sai bakin kwalta, inda ya durƙusa ya yi ta amai har da kumallo.

Likitoci sun duba shi, ba su ga komai ba. Har yau wannan harafin bai dawo ba. 'Yarsa Talatu, "Ala'u" yake kiran ta. Ko tahiya sai a zuci. In ya manta ya gwada, ɗanɗanon ruɓaɓɓen koko ke cika masa baki, sai ya tashi ya tofar.

Don haka kada wanda ya ratsa kangon gona shi kaɗai da tsakar rana. In kuwa baƙo ya ce ku maimaita sunanku, ku kama bakinku ku wuce.