Fuskar Shafi na Goma Sha Bakwai

Ranar Juma'a da la'asar Sufeto Nata'ala yana zaune a ɗan ofishin 'yan sanda da ke bakin kasuwar Kilomita Biyar, yana ɗaure ƙafar kujerarsa da waya, sai wani saurayi ya faɗo ciki ko sallama babu.

Ofishin ɗaki biyu ne. Akwai tebur ɗaya, 'yan sanda huɗu, da ankwa guda wadda rabon ta da kulluwa tun 2013. A unguwar da kowane lungu yake da masu gadinsa da manyan bindigoginsu, aikin Sufeto bai wuce rubuta abin da ya riga ya faru ba. Shekararsa hamsin da ɗaya, kuma ya iya rubutu.

"Shef, an yi mini sata," in ji shi, yana kiransa shugaba da Faransanci.

"To, barka da zuwa Bangui. Me aka ɗauka?"

"Zane."

"Na ɗaurawa?"

"Na takarda. Shafi talatin da biyu."

Sunan saurayin Imrana. Labari yake zanawa a cikin 'yan akwatuna, maganar mutane tana fita daga bakinsu cikin da'ira, abin da masu Faransanci ke kira bede. Shekara biyu ya yi yana zana abin da ya sami unguwar tun daga Disambar 2013. An gayyace shi bikin baje kolin masu irin wannan zane a Yawunde, za a rataye shafukansa a bango. Jirgi gobe Asabar ne. Ƙarfe sha ɗaya motar sojojin kiyaye zaman lafiya masu hular shuɗi za ta ɗauke shi zuwa filin jirgi, domin hanyar ba ta biyuwa ga mai sunan Musulmi irin nasa shi kaɗai.

"Kana da kwafi?"

"Babu. Asalin suke so."

"Wa ya taɓa ganin zanen?"

"Ba kowa. Sai Kolonel."

Sufeto ya ajiye wayar. Kujerar ta karkata, ya bar ta haka.

Gidan da Imrana yake zaune yana unguwar Kokoro. Na wani ɗan kasuwar shinkafa ne, Alhaji Idrisu, aminin marigayi mahaifin Imrana. Shi ya ba Imrana da yayarsa Fauziyya ɗaki biyu lokacin da aka ƙone gidansu na Miskine.

Sufeto ya duba kwadon ƙofa. Ko ƙwarzane babu. A kan tebur ga fasfo, ga tikitin jirgi, ga agogo, ba wanda ya taɓa su.

"Ɓarawon nan ya fi ni wadatar zuci," in ji shi. "Mabuɗi nawa ne?"

"Uku. Nawa, na Fauziyya, da na Kawu Idrisu."

Fauziyya tana tsaye a bakin ƙofa ta naɗe hannu.

"Malama, ina kike lokacin sallar Juma'a?"

"Ina ɗaki. Barci nake."

"Da takalmi kike barci? Jar laka ba ta ko bushe a jikinsa ba."

Ta dubi ƙanenta, ta sunkuyar da kai. "Wurin tela na je karɓo masa riga. Ya ce kada in matsa ko'ina. To da wace rigar zai tsaya gaban mutane, da wannan mai tawada?"

"Awa nawa kika yi?"

"Ɗaya."

A ƙarƙashin teburin akwai kwali, babu komai a ciki. Sufeto ya taɓa shi da ƙafa.

"Na zanen gwaji ne," in ji Imrana. "Kowane shafi sai na fara yin sa da fensir a takardar buhun fulawa. In kwalin ya cika in kai wa Mahaman mai tsire ya riƙa naɗe nama."

"Madalla. Ko ba a je Yawunde ba, an baje kolinka a Kokoro."

Ba wanda ya yi dariya. Ya saba.

Alhaji Idrisu yana tsakar gida a kan tabarma da carbi. Dattijo ne siriri, kunnensa na hagu rabi ne, tun yana yaro ƙofar mota ta datse shi.

"Alhaji, ina mabuɗinka?"

"Ga shi a aljihuna, Sufeto. Ina masallacin Koudoukou tun sha biyu."

"Ka taɓa ganin zanen yaron?"

"Ni? Ba na kallon zanen mutum. Ka je ka tambayi waɗanda ya yi wa tumbi."

Wanda aka yi wa tumbin a zanen shi ne Abdulsamad, shugaban matasan da ke gadin wannan ɓangare. Kolonel ake ce masa, wato kanar, ko da yake ba rundunar da ta taɓa ɗaukarsa. Yana zama a wani tsohon kantin taya. A bango bayansa akwai hoton ƙanensa da aka kashe a Disambar 2013.

Yana hango Sufeto ya ce, "A'a, gwamnati ce da kanta a ƙafa! Ku ba gwamnati kujera, ta gaji."

"Na gode, Kolonel. An sace zanen Imrana."

"Shafi na tara? Ai ya nuna mini. Tumbin nawa ne, ban musa ba. Bindigar ce ya yi ƙarama." Yaransa suka kwashe da dariya. "An fasa ƙofar?"

"Da mabuɗi aka buɗe."

"To ka ga ba mu ba ne. Mu ba mu da haƙurin mabuɗi." Sai dariyar ta bar fuskarsa. "Amma tsaya. A yankina aka yi sata, aka bar fasfo aka ɗauki takarda? Me ke cikin takardar?"

"Zane ne kawai."

"Gobe ƙarfe goma ina so in ga ɓarawon, in ga shafukan ɗaya bayan ɗaya. In ba ka samo ba, yarana za su bi Kokoro gida gida. Ka san ba sa cire takalmi."

Sufeto ya fito yana yi wa kansa kirari a zuci. Ya zo neman ɓarawo ɗaya, ya tayar wa unguwa guda masu bindiga ashirin. Shekara ashirin da shida yana aiki, ga inda gwanintar ta kai shi.

Kafin magariba ya tsaya wurin Mahaman mai tsire, rabi don bincike, rabi don tun safe ruwan shayi ne kawai a cikinsa. Mahaman ya naɗe masa tsinke biyu a sabuwar jarida.

"Ina takardun mai zanen?"

"Kai ma su kake nema? Jiya Alhamis Alhaji Idrisu ya kwashe su kaf, ya kawo mini damin jarida a madadi. Wai zai ƙunsa ƙusa."

"Mai shinkafa yana sayar da ƙusa?"

"Shef, ni nama nake gasawa, ba na tambayar alhazai."

"Ko ɗaya bai rage ba?"

Mahaman ya ɗaga farantin nama. Takarda ɗaya ta manne a ƙasansa, ta sha mai da yaji. Sufeto ya ɓamɓaro ta, ya ɗaga ta wajen sauran hasken rana.

A kusurwa an rubuta 17. Wani mutum ne yana buɗe ƙofar sito, mata da yara suna shiga a sunkuye tsakanin buhuna. Biyu daga cikin matan suna da gicciye a wuya. Mutumin ya waiwayo yana duban titi. Kunnensa na hagu rabi ne.

Sufeto ya ninke takardar ya sa a aljihu. Tsiren ya huce a hannunsa.

Ranar Asabar ƙarfe takwas ya sa Imrana a gaba zuwa siton Alhaji Idrisu. Dattijon yana ciki shi kaɗai. Sufeto ya tura ƙofa ya rufe, ya shimfiɗa takardar a kan buhu.

"Alhaji, ga wani zanen mutum da ba ka kalla ba."

Idrisu ya dube ta, ya zauna a hankali.

"Kai kuma," Sufeto ya juya ga Imrana, "ka ce ba wanda ya gani sai Kolonel."

"Na nuna wa Kawu ranar Laraba. Na ɗauka zai ji daɗi."

"Ya ji?"

"Ya ce in cire shafin. Na ƙi."

"Ka ƙi."

"Shef, ina wurin! Ni nake kai musu ruwa. Mutum goma sha ɗaya, kwana uku, ana farautarsu a waje. Duk littafin kisa ne da ƙone-ƙone, wannan ne kaɗai shafin da wani ya yi abin kirki. In cire shi in bar me? Ban yi zaton Kawu zai..."

"Imrana," in ji Idrisu, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ka san ko wace ce mai jan kallabin nan da ka zana?"

"Wata mai sayar da rogo."

"Uwar wanda ya harbe ƙanen Abdulsamad ce. Ita suke nema a ranar. Sau biyu ya tsaya a ƙofar nan ya tambaye ni, na rantse masa shinkafa ce kawai a ciki." Ya shafa rabin kunnensa. "Kai ba ka iya ƙirƙirar fuska ba, ɗana. Duk wanda ka zana, shi ne. A rataye wannan a Yawunde da safe, wani ya ɗauka da waya, kafin azahar yana hannun yaran Kolonel. Ni da iyalina, da Fauziyya da za ka bari a gidana."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Shekara huɗu ban faɗa wa matata ba. Kai kuwa abin da ka ji, sai ya fito ta hannunka."

"Ina shafukan?" in ji Sufeto.

Idrisu ya kwance bakin wani buhu ya zaro jakar, shinkafa tana zuba. "Na ga fitar Fauziyya, na shiga, na rasa Juma'a a kan wannan. Sau uku na ƙyasta ashana. Ubanka yana shafi na huɗu, yana dariya. Na kasa."

A waje aka ji ƙarar babura. Tara da rabi ce. Kolonel bai iya jira ba.

Sufeto ya dubi agogo, ya dubi su biyun. "Mutumin can ɓarawo yake so da dalili. In ban fita da ɓarawo ba, shi zai nemo nasa."

"Ga ni," in ji Idrisu. "Rubuta cewa na ji Turawa suna sayen irin wannan da tsada, na sata in sayar."

"Kawu, sunanka fa? Kasuwa fa?"

"Ɓarawo yana fitowa daga kurkuku, Imrana."

Imrana ya zaro shafi na goma sha bakwai, ya ciro kwalbar tawada da burushi daga aljihun jakar. Ya fara da kunnen, ya bi goshi, ya bi gemu, har fuskar ta koma baƙin dunƙule. Ya bi ta mai jan kallabi ita ma. Ya hura, ya mayar.

Da aka buɗe ƙofa Kolonel yana zaune a kan babur, jama'a sun taru. Sufeto ya faɗi abin da aka ce ya rubuta, da murya irin ta karanta rahoto.

"Alhaji?" Kolonel ya yi tsaki. "Da furfurarka? Kawo in gani."

Ya bi shafukan da yatsa. Ya yi murmushi a na tara. A na goma sha bakwai ya tsaya, ya daɗe.

"Wannan wa?"

"Ba kowa," in ji Imrana. "Ƙirƙira ce. Turawa suna son a sa mutumin kirki ɗaya."

Kolonel ya rufe jakar ya miƙa masa. "Na sani. Ba mu da irinsa a nan."

Motar masu hular shuɗi ta iso bakin titi sha ɗaya saura. Fauziyya ta miƙa wa ƙanenta sabuwar rigar a leda, ba ta dubi dattijon ba. Imrana ya hau da jakar a ƙirji, bai ɗaga wa kowa hannu ba.

Sufeto ya sa wa Alhaji Idrisu ankwar, suka kama hanya. Da suka zo wucewa ta wurin Mahaman, wanda ke hura gawayi, Sufeto ya jefa takardar mai maiƙo a wuta. Ta kama nan take.

Suka ratsa kasuwa a ƙafa, domin ofishin ba shi da mota. Masu kantuna suka fito bakin ƙofa. Wani ya ce ɓarawo, wasu suka amsa. Wata mata ta tofar da yawu.

A tsakiyar layin 'yan shinkafa ankwar ta buɗe kamar yadda ta saba. Alhaji Idrisu ya sa babban yatsa ya mayar da ita, ya riƙe ta a rufe har suka isa ofis.