Abin da Na Ciro Daga Kwamfutar Mama

Dab da magariba Yaya ya kira ni, wai in zo shagonsa in duba tsohuwar kwamfutar gidanmu, ta ƙi tashi. Gobe masu sayen tarkace za su zo su kwashe ta.

Tun a waya raina ya ɓaci. Gyaran kwamfuta sana'ata ce, kuma na daɗe ina roƙonsa ya ba ni wannan na'ura, kullum sai ya ce sai ya samu lokaci. A cikinta bidiyon Mama yake, wanda muka ɗauka kafin ta rasu, tana tsefe min kai tana yi mana faɗa. Babu shi a ko'ina sai nan. Shi kuwa gogan ya jefa ta ɗakin ajiya na bayan shago, tsakanin karyayyun kujeru da kwalaye, ya kulle ya manta.

"Auta, kar ki cinye ni ɗanye," ya ce da ya ga fuskata. "Na kunna, ta nuna tambari, ta tsaya cak. Ki duba, zan leƙa gida in dawo."

"Je ka, Yaya. Da ma tafiyar ka fi iyawa."

Ya ja ƙofar ɗakin ajiyar ya bar ni da ƙwan fitila ɗaya mai ja-ja. Daga titi ina jin hon na motoci da muryar wata mata tana kiran ɗanta.

Na danna maɓalli. Fanka ta juya, na'urar ta yi ƙara ɗaya, tambarin kamfani ya fito a allo. Shi ke nan, ta daskare. Na danna kibod, ko fitilarsa ba ta ƙifta ba.

Mu masu gyara hanyarmu ɗaya ce: ka riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya kana kunnawa, har mai laifin ya tona kansa. Na zare kibod da maus, na sake kunnawa. Tambari, cak. Na ɗauke ta da mari a gefe don haushi, na kwance kusoshi, na ɗaga murfi.

Na'urar da ta daɗe a ajiye, ƙura ce ke tarbarka har sai ka yi atishawa. Wannan kuwa cikinta fes, kamar yanzu aka share. Ga ɗumi. Ga wani ƙamshi, turare-turare, haɗe da ƙarnin nono irin na jikin jariri. A kan faifan ajiya, wato inda bidiyon Mama yake, an shimfiɗa wani jan gashi mai laushi, an nannaɗe shi tsaf.

"Har ɓeraye ka bari suka yi gida a kan uwarmu," na faɗa a fili, kamar yana wurin. Na yaye gashin na yi wurgi da shi ƙasa.

Na cire ram, wato ɗan guntun da na'ura ke riƙe tunaninta da shi, na goge bakinsa, na ajiye a tebur. Na ɓalle ƙaramin batirin da ke jikin allon ciki. Na kwance faifan na riƙe a hannun hagu. Ba tare da ram ba, dole na'ura ta yi ta kuka in an kunna ta. Na danna maɓalli.

Ba ta yi kuka ba. Tambarin ya fito, ya tsaya.

Sai a lokacin na lura titi ya yi tsit. Babu hon. Babu muryar matar. Na dubi fanka: fukafukanta a tsaye suke, amma ina jin ƙarar juyawarta.

Na fizge wayar wuta daga bango.

Allon bai mutu ba.

Wani siririn kuka ya taso daga cikin akwatin. Kukan jinjiri ne da aka tasa daga barci.

"Mayar."

A bayan kunnena aka faɗa, ƙasa-ƙasa. Muryar mace ce, numfashinta sanyi ƙalau. Na kasa waiwayawa.

"Kin ɗage mana rufi. Kin watsar mana da shimfiɗa. Mayar."

Na mayar da ram. Na mayar da batir. Na durƙusa na lalubo jan gashin a ƙasa, yana motsi a tafina, na tura shi ciki.

Kukan bai tsaya ba.

"Har na hannunki."

"Wannan nawa ne," na ce, da ƙyar.

"A kansa yarona ke kwana. Muryar tsohuwar ce ke sa shi barci."

Tsoro na nan, amma wallahi fushi ya danne shi. Ni da nake kwana da kewar wannan murya, ashe wasu can ke jin daɗinta a ɗakin tarkace.

"Uwata ce!" na daka tsawa. "Ki je ki nemo masa taku!"

Na yi ƙofa da gudu.

Ƙafata ta dama ta fara tsayawa. Sai ta hagu. Sanyi ya hau gwiwata, ya kama ƙugu, ya cika ƙirji. Hannuna a miƙe, ɗan yatsa ya kusa taɓa mariƙin ƙofa, ya daskare a nan. Idona a buɗe, ko ƙiftawa ba na iya yi.

Yatsu dogaye suka fara ɓamɓare nawa daga jikin faifan. Ɗaya. Sai na kusa da shi.

Na kasa motsa baki, a zuci nake kiran sunan Allah.

Aka banko ƙofar. Hasken shago ya faɗo min a fuska, hayaniyar titi ta dawo gaba ɗaya, na zube a ƙafafun Yaya. Faifan na hannuna, farcena ya lotsa cikin tafina har jini.

Bidiyon ya buɗe lafiya lau a kwamfutata. Na kalla, na yi kuka, na kuma kalla.

Amma tun daga ranar, duk safiya idona zai buɗe, in ga silin, jikina ya ƙi tashi. Sai siririn kukan nan ya fara a gefen matashina. Da abin ya ishe ni na ce wa Yaya ya buɗe ɗakin in mayar musu da faifan, tunda na kwafe abin da nake so. Ya sunkuyar da kai. Wai tun washegari ya sallama wa masu tarkace kwamfutar, sun farfasa ta. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yanzu na saita wayata da asuba ta kunna bidiyon da kanta. Mama ta fara faɗanta, tana cewa in daina motsa kai, kukan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya ɗauke. Sai yaron ya yi barci sannan nake iya tashi.