Malamar Safe

Ranar Alhamis ce, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san ranar Alhamis abin hawa wuya yake yi. Motoci da 'yan acaɓa duk sun tafi cin kasuwar Maigatari. Ni kuwa ga ni a bakin makarantar firamaren da nake koyarwa, a wani ƙauye bayan Gagarawa, rana ta yi ja, gida kuma yana Gumel.

Hedimasta ne ya tsare ni. Malam Jamaluddeen sunansa, sabon zuwa, irin mutanen nan masu son a ce suna aiki. Tun da ya zo ya kafa doka, bakwai da rabi na yi zai ja layi da jan biro a rijista, duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin ya makara. Kullum ni ce a ƙasan layin. A ranar sai ya ce tunda na ci lokacin gwamnati da safe, to in biya da yamma. Ya jibge mini takardun gwajin yara in duba, ya hau mashin ɗinsa ya yi gaba.

Ba barci ke makarar da ni ba, Innata ce. Ɓarin jikinta ya shanye tun bara, ba ta tashi, harshenta ya yi nauyi. Yayana yana Damagaram, tsakaninmu da shi sai gaisuwa a waya. Kullum bayan asuba sai na yi mata wanka, na canza shimfiɗa, na dama koko na ba ta a baki, don ba ta karɓa a hannun kowa sai nawa. Maƙwabciyarmu Sabuwa ke zama da ita da rana, ita ma sai ta gama tuyar ƙosanta. Na yi wa Hedimasta wannan bayanin har bakina ya gaji.

“Kowa da uwarsa, Malama Muhsina,” in ji shi. “Ki sake makara sau ɗaya, sunanki ya tafi ofishin ilimi. Masu neman gurbinki suna nan kamar jamfa a Jos.”

Da wannan maganar a ƙirjina na kama hanyar ƙafa da ke ratsa gonaki zuwa bakin titi. Ƙarshen damina ne, gero ya fi ni tsawo, ba ka ganin komai sai 'yar siririyar hanyar da ke gabanka. Ganye na gogar hijabina. Kwaɗi na ta kuka daga wani kududdufi. Can nesa ladan ya fara kiran magariba, iska tana kawo muryar tana ɗaukewa.

A tsakiyar gonakin akwai wata tsohuwar rijiya da aka daina sha, ƙarƙashin wani gawo da ya kaɗe ganye kamar yadda gawo ke yi da damina. Tun kafin ka iso kake jin warinta, warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye. Tsofaffi na cewa ba a surutu kai kaɗai da almuru, don akwai masu saurare. Na sani sarai. Amma wanda aka ƙure ba ya tuna faɗar tsofaffi.

“Da ma in rabu biyu,” na faɗa a fili, ina share hawaye. “Ɗaya ta je masa aikinsa, ɗaya ta zauna da Inna.”

Kwaɗin suka yi tsit.

Iska ta tsaya. Ganyen gero ko motsi.

Daga can ƙasan rijiyar aka ce, “To.”

Muryata ce. Ba amsa-kuwwa ba ce, don ban ce “to” ba.

Ban san lokacin da na kai titi ba. Takalmina ɗaya a can na bar shi. Wata motar shanu da za ta kasuwar ɗauko kaya ta rage mini hanya, na zauna a gefen direba, yana ta ba ni labarin tsadar mai. Ban gaya wa kowa ba.

Washegari Inna ta ɓata jikinta bayan na gama yi mata wanka, dole na sake daga farko. Na isa makaranta rana ta take, na riga na sallama aikin a raina. Sai ga Hedimasta a ƙofar ofis yana washe baki.

“Yauwa, Malama! Haka ake so. Yau har maigadi kin riga. Ina kika leƙa kuma?”

Na ɗauka gatse ne. Na wuce ajina.

Allo cike yake da rubutu. Rubutuna ne, har yadda nake karkatar da shi idan na kai ƙarshen layi. Darasin da na shirya koyarwa ne, an gama shi tsaf. Yara 'yan aji huɗu, waɗanda sai na yi tsawa sau goma kafin su zauna, sun nutsu kamar an yi ruwa an ɗauke. Ajin ya yi sanyi. Kuma akwai warin nan na taɓo.

Wata yarinya a bencin gaba ta ɗago a hankali.

“Malama,” ta ce da raɗa, “yanzu fa kika fita.”

“Ta ina?”

Ta nuna bango. Babu ƙofa a wajen.

Haka abin ya ci gaba. Kullum in na iso an riga an zo, an share aji, an yi darasi. Da na sa ƙafa a harabar makaranta sai a ɓace, a bar mini warin. Yaran suka raɗa mata suna, Malamar Safe. Sun ce ba ta sallama in ta shigo, ba ta ƙifta ido, kuma in ta kira sunan yaro sai ya ji kiran a cikin kansa. Sannu a hankali benci ya fara zama wayam. Wata uwa ta tare ni a hanya tana tambayar me nake yi wa ɗanta da yake firgita cikin barci.

Na tattara ƙarfin hali na shiga ofis na gaya wa Hedimasta komai, tun daga rijiya. Ya saurare ni yana kaɗa biro.

“Malama, ni ba malamin ruƙiyya ba ne,” ya ce. “Abin da aka aiko ni in tabbatar shi ne akwai malami a aji kan lokaci. Kuma akwai. Kada ki ɓata rawarki da tsalle.”

Wallahi ko a jikinsa. Da za a turo masa jaki ya tsaya gaban allo da sassafe, ina jin zai sa masa hannu ya yaba.

Yaran ne suka tsaya mini a rai. Na yanke shawara zan riga ta zuwa, in tsaya a ajina, in ga wanda zai raba ni da shi. Na roƙi Sabuwa ta bar tuya rana ɗaya ta zo da wuri. Ta ce Inna ba za ta ci a hannunta ba. Na ce ta lallaɓa ta, yau kaɗai.

Ana idar da asuba na fita. Inna ta bi ni da ido har ƙofa.

Na isa gari bai gama wayewa ba. Na buɗe aji. Babu kowa. Allo a goge. Babu sanyi, babu wari, sai ƙurar alli da kashin jemage. Na zauna ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina jira. Zakaru suka yi cara suka gaji. Yara suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, suna leƙen fuskata, da suka ga na yi musu sallama sai suka saki jiki. Har wani daɗi na ji. Na ce ashe tsoro take ji.

Na ciro waya na kira Sabuwa in ji ko Inna ta sha kokon.

“Ke kuma lafiya kike kirana a waya?” in ji Sabuwa, ina jin ƙarar mai a kasko. “Da kin ɗaga murya ta katanga ai zan ji.”

“Kina ina?”

“Ina gidana mana. Ba ke kika dawo kika ce in tafi ba, kin fasa zuwa?”

Na miƙe tsaye.

“Sabuwa, ina makaranta.”

Na ji takunta, ta matsa jikin katangar da ta raba gidajenmu. Sai ga wata murya ta shigo wayar, siririya, daga nesa.

“Ha, Inna. Buɗe bakin. Ha.”

Sai a lokacin na gane. Biyu na roƙa. Inda ba na nan, can take.

Na fito a guje. Hedimasta na shigowa da mashin, ya taka birki.

“Ina zuwa? Malama! In kika fita ƙofar nan ban ga zuwanki ba yau!”

Ban waiwaya ba.

Ɗan acaɓan da na samu a Gagarawa na ce masa Gumel kai tsaye, ko nawa ne. Hanyar nan da na sani kamar tafin hannuna, ranar ta ƙi ƙarewa.

Zauren gidanmu a buɗe. Tun daga nan warin ya tare ni, ya fi na aji ƙarfi, har yana hawa kai. Kajinmu sun cure a lungu ɗaya, ko ƙyas. Sawun ƙafa jiƙaƙƙe ya bi ta tsakar gida zuwa ɗakin Inna. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Na ɗaga labule.

Bayanta na fara gani. Hijabina ruwan toka, wanda ke jikina a lokacin. Tana durƙushe gaban Inna yadda nake durƙusawa. An yi wa Inna wanka, an shafa mata mai, an ɗaura mata kallabi mai kyau. Cokali na tafiya a hankali daga kwano zuwa baki.

Inna na haɗiya.

Na buɗe baki zan yi a'uziyya. Harshena ya ƙi.

Ta juyo da kai. Kan kaɗai, kafaɗun ba su motsa ba.

Fuskata ce. Har tabon ƙuna da ke gefen haɓata. Idanun ne kawai a buɗe, ba sa ƙiftawa, ruwa na kwance a cikinsu.

“Kin bar aji,” ta ce da raɗa. “Koma.”

Na girgiza kai.

“Ke kika ce.”

Ban ga tashinta ba. Kawai na ji hannunta a wuyan hannuna na dama. Sanyi kamar ƙasan randa. Sanyin ya hau gwiwar hannu, ya hau kafaɗa. Ɗakin ya fara nisa. Na ji ƙarar ɗigar ruwa. Na ga haske a sama, ɗan zagaye, kamar mai kallon sama daga cikin rami.

Ƙafafuna suka fara nutsewa.

“Assalamu alaikum! Assalamu alaikum! Muhsina!”

Sabuwa ce, da limamin unguwa da wasu maza biyu, suna tafe suna karatu da ƙarfi. Abin da ya ɗaure mini harshe ya sake. Na kurma a'uziyya da iyakar muryata.

Kwano ya faɗi.

A ƙasa suka same ni, jiƙe sharkaf tun daga ƙugu, taɓo har gwiwa. Babu kowa a ɗakin sai ni da Inna. Abin da ya zube daga kwanon ba koko ba ne, baƙin ruwa ne da guntayen ganye.

Liman ya yi abin da zai iya. An yi saukar Alƙur'ani, an yi hayaƙi, an ba Inna rubutu ta amayar da abin da ta amayar. Cikin gidan dai Malamar Safe ba ta sake shigowa ba, muddin ina ciki. Rana ɗaya na gwada fita sayen magani, kafin in kai bakin layi Sabuwa ta ƙwalla mini kira, ta ji ana jan guga a gidanmu. Tun daga ranar ban ƙara taka zaure ba. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, duk sai dai in aika. Hannuna na dama kuma har yau bai dawo daidai ba, ko tsintsiya ba ya riƙewa.

Makaranta ban koma ba. Na aika wa Hedimasta cewa na bar aiki, ya rufe ajin, ya ceci 'ya'yan mutane. Ya aiko da amsa wai in daina wasa, ai yanzu ya gan ni ina goge allo. Na ji an ce a taron ƙarshen zango ya miƙe ya kafa misali da ni, malamar da ba ta taɓa makara. Rabin iyaye sun kwashe yaransu. Wannan bai dame shi ba, ba shi aka ce ya ƙirga ba.

Duk wannan da sauƙi.

Inna ce ta daina karɓar abinci a hannuna. Sai in dama kokon yadda take so, da tsamiya, in durƙusa, in kai cokali da hagu. Sai ta datse baki ta zuba wa ƙofa ido. Sabuwa ce ke samu ta ɗura mata kaɗan, da ƙyar. Tana ta ramewa a gabana.

Jiya na kasa daurewa. Na ajiye kwanon na fashe da kuka.

“Inna, ni ce fa. Muhsinarki. Me na yi miki?”

Ta daɗe tana juya harshe kafin maganar ta fito. Ba ta dube ni ba.

“Waccan,” ta ce, “ba ta kallon agogo.”