Muryar da Ta Kira Suwaiba

Ƙaramar fitilar da ke ƙarƙashin haɓar Mardiyya ta ƙifta kore, alamar takunkumin ya ɗauki maganarta ya aika.

"Ke, kwanukan nan su za su wanke kansu ne?"

Yarinyar da ke zaune bakin taga ta juyo. Ba a ganin bakinta, amma idanunta sun ƙanƙance irin na mai murmushi. "To, Umma, yanzun nan," ta ce, ta tashi da rawar jiki. Mardiyya ta bi ta da kallo. Faɗa ta yi, sai ga shi an amsa mata kamar wadda ta yi kyauta.

Wata na biyar ke nan da aka kulle birnin Sabon Kufena saboda tarin toka. Cuta ce mai bin numfashi, takan kwanta a ƙirjin mutum mako uku yana rabawa bai sani ba. Motocin sama duk sun sauka, abinci kuwa ta bututu yake hawowa benaye. Hukumar Numfashi ta wajabta wa kowa takunkumi mai mannewa daga hanci zuwa haɓa, ko da a cikin gidansa yake, ba a cirewa sai mutum yana ɗaki shi kaɗai ƙofa a rufe. Da yake sauti ba ya ratsa shi, wata na'ura ce ke ɗaukar maganar mutum ta kai kunnuwan sauran 'yan gida. Mijin Mardiyya, Injiniya Nafi'u, yana cikin waɗanda suka ƙera ta. Rariya suka sa mata suna, wai tana tace ƙarar huci da tari ta bar murya zalla.

Suwaiba ita ce 'yar farin Mardiyya. Ranar da aka yaye ta, Inna mahaifiyar Mardiyya ta goye ta ta tafi da ita. Shekara goma sha huɗu Mardiyya ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba, ba ta taɓa jan ta a jiki a gaban mutane ba. Haka aka yi mata, haka ta tashi ta gani. Gine-gine sun kai hawa tamanin, amma kunyar ɗan fari ta biyo mutane har can sama. Da tarin ya ɗauke Inna, aka kawo Suwaiba ana gobe za a rufe ƙofofi. Ta zo tana ce wa mahaifiyarta Anti, tana zama a lungu kamar baƙuwar da ke jiran mota.

Sai kuma a wata na biyu komai ya sauya. Anti ta koma Umma. Yarinya ta fara dariya, ta fara biyo ta kicin. Mardiyya ta ɗauka an gano ta ne, an ga tsokar da take ɓoyewa a ƙarƙashin shinkafar yarinyar, an ga yadda take tsayawa bakin ƙofarta tana sauraren ko za ta ji tari. Hatta Nafi'u, wanda a da in ya ce "madalla" ya gama yabon shekara, ya koma yana faɗa mata kalmomin da take juyawa a ranta tana jin kunya ita kaɗai. Sau nawa ta nemi gafarar Allah don ta ji tana son kullen ya daɗe.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, tana yi wa Suwaiba kitso, yarinyar ta kwantar da kai a gwiwarta.

"Umma, sake faɗa mini abin jiya mana."

"Wane abin?"

"Kin sani ai. Da kika ce, Suwaiba, ke ce abu na farko da na so fiye da raina."

Yatsun Mardiyya suka tsaya a cikin gashin. Ta tuna jiya sarai. Cewa ta yi, ke, ki daina yawo da jiƙaƙƙen kai, mura za ta kama ki. Ta ƙarasa layin kitson, ta miƙe ba ta ce uffan ba, domin karo na farko ta ji tsoron bakinta.

Ta sami Nafi'u a ɗakin aikinsa. Takarda ta jawo ta rubuta, ta ajiye a gabansa: Me ka sa a bakina?

Ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya taɓa wani wuri a allon da ke gabansa, fitilun haɓarsu suka koma fari. Da ya yi magana, tsohuwar muryarsa ce ta zo mata, busasshiya, mai gaggawa, wadda ta manta.

"Na kashe tacewar. Zauna in yi miki bayani."

"A tsaye ma ina ji, Injiniya."

"Ba ƙarya take yi ba, Mardiyya. Tana auna bugun zuciya da zafin jiki, ta gane abin da mutum yake ji, sai ta faɗa a madadinsa. A gida dubu arba'in ake gwada ta. Kin san yadda saki ya ragu? Kin san yaran da aka daina duka?"

"Ni na tambaye ka gida dubu arba'in?"

"To, namu gidan. Inna ta rasu, yarinya tana kuka a ɗaki har ta rame, ke kuma ba kya kiran ta sai da ke, ke, kamar mai korar akuya. Me kike so in yi?"

"Ka faɗa mini. Da bakinka, ka ce Mardiyya, 'yarki na mutuwa a tsaye. Ka ɗauka dutse ce ni?" Hawaye suka gangaro suka tsaya a bakin takunkumin. "Shekara goma sha huɗu ina ajiyar sunan nan. Na ce wata rana, ni da ita, zan kira. Ka ɗauka ka ba inji ya kashe shi a kan wanke-wanke."

Nafi'u ya mayar da idonsa kan allon.

"Umman da take ce mini fa?"

"Wannan nata ne. Wallahi nata ne."

"Naka fa? Ranar Juma'a, da ka ce in na shigo ɗaki kana mantawa da akwai annoba a duniya?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Cewa na yi miyar ta yi daɗi."

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ta fi kuka ciwo. Da ta juya za ta fita, sai ta ga Suwaiba tsaye a bakin ƙofa, rabin kai a kitse, rabi a tsefe. Ko an kashe tacewa, Rariya tana kai magana kowane kunne a gidan. Yarinyar ta ji komai.

"Anti," ta ce a hankali, "ashe ba ke ba ce."

Mardiyya ta ji kalmar kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Ta haɗiye kunyar Inna da ta kakar Inna, ta buɗe baki.

"Suwaiba."

Yarinyar ta zuba wa fitilar haɓarta ido. "Wace ce ta faɗa? Ke ko ita?"

"A kashe take," in ji Nafi'u.

"Abba, kai ne ka ce tari kawai take tacewa."

Mardiyya ta san doka: wanda ya cire takunkumi a gaban wani, kwana ashirin da ɗaya ne a keɓe. Ta kai hannu bayan kunne ta ɓalle shi.

Jiniyar gidan ta ɗauka nan take. Nafi'u ya zabura ya tura Suwaiba waje ya bi ta, ƙofar ɗakin ta gilashi ta zuge da kanta ta kulle. Mardiyya ta kira sunan da iyakar ƙarfinta, sau uku, amma ko ita ba ta ji kanta ba. Leɓɓanta kawai yarinyar ta gani suna motsi ta bayan gilashin.

Da jiniyar ta yi shiru, Nafi'u ya matso. Abin kunnenta na Rariya yana nan, don haka ta ji shi. "Kada ki damu da mu," ya ce, kuma ta ga da zuciya ɗaya yake faɗa. "Rariya ta riga ta haddace ki. Yarinyar ba za ta yi kewa ba."

Washegari da azahar Mardiyya tana zaune a ƙasa, ta jingina kafaɗa da gilashin. A ɗaya gefen Suwaiba ce zaune, kanta har yanzu rabi a tsefe. Ba su da hanyar magana da ɗayarsu za ta yarda da ita. Can sai Mardiyya ta ji muryarta, tata ta kanta, mai daɗin da ba ta taɓa yi ba, tana fitowa daga Rariya, ba daga bakinta ba.

"Suwaiba, 'yata, zo ki ci abinci."

Yarinyar ba ta motsa ba. Hannu ta sa ta zare abin kunnenta ta ajiye a ƙasa, ta ci gaba da kallon bakin mahaifiyarta.

Muryar ta jira kaɗan, ta sake kira, wannan karon da taushin da ya fi na farko, domin an ƙera ta ne ta riƙa koyo daga kuskurenta.