Sansar da Shamsu Ya Ɗaura

Rana ta riga ta yi ja a kan Magama lokacin da Abbas makanike ya gama sa sababbin sansa a tayoyin babbar motar Kalilu. Sansa ɗan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a gindin bawul, cikin taya, shi ke gaya wa direba in iska ta ragu. Batirin tsofaffin ya mutu tun da aka rufe boda, motar ta yi ta zama a gindin tsamiyar bayan tasha. Yanzu an buɗe, lodin Maraɗi yana jira, don haka aka yi ta fasa tayoyi, ana zare su daga wili cikin gaggawa, babu wanda ya tuna da bisimilla.

Abbas ya ce saura abu ɗaya: a jona kwamfuta, a goge tsofaffin daga ƙwaƙwalwar motar, a saita mata sababbin, in ba haka ba jar wutar gargaɗi ba za ta mutu ba. Kalilu ya ce a bari sai gobe. Ba gajiya ce ta hana shi ba. Babban ɗansa Shamsu ne ya ɗaura tsofaffin, ya saita su da hannunsa, kuma zazzaɓi ya tafi da Shamsu a daminar bara. Kalilu ya zuba tsofaffin ƙarafan a aljihu ya nufi gida ana kiran magariba.

Yana zama, tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Wata ta biyo. Matarsa Habsatu ta leƙa waje, ba ta ga ko akuya ba. Sai tsakar gida ta ɗauki wani huci mai tsawo, irin na taya in tana sacewa. 'Yarsu Salmatu, da ke tankaɗe, ta ajiye rariya a hankali, ta juyo da idanu a kafe.

"Baba, tayar baya ta hagu ta yi sanyi."

Muryar Shamsu ce, har da 'yar shaƙewar nan tasa.

Habsatu ta zube tana salati. Shi kuwa Kalilu, Allah ya yafe masa, abin da ya fara shiga zuciyarsa daɗi ne.

Haka abin ya zama kullum rana ta faɗi. Gobe ta yi ta zuwa, Abbas ya yi ta aike, lodi ya koma wa wani direba. Kalilu sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin yarinyar, ya yi ta sauraron ɗansa yana hirar hanya, da jami'an duwan, kwastan na Nijar, da shayin da suka sha a Ɗan Isa. Salmatu kuwa ta daina cin abinci. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. In Habsatu ta ta da maganar malami, sai Kalilu ya ce ai jiki da sauƙi. Ranar da yarinyar ta kasa ɗaga moɗa, Habsatu ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika garin Gangara aka zo da Malam Sadiq.

Malamin tsoho ne marar yawan magana. Ya zauna daf da kan yarinyar ya fara karatu, gidan ya yi tsit. Can jikinta ya sanƙare, wata murya ta fito, ta tsohuwar mace. Ta ce tun da motar ta tsaya gindin tsamiya take zaune cikin tayar baya. A nan ta riƙa jin Shamsu yana zuwa yana goge mota yana surutu shi kaɗai, har ta haddace muryarsa. Sai ga mutane da almuru sun fasa mata ɗaki ba sallama, ta maƙale a ɗan ƙarfen, aka kawo ta gidan nan a aljihu.

Malam ya ce an yi mata ba daidai ba, amma yarinya ba ta da laifi. Tsohuwar ta ce za ta fita in an mai da ƙarafan gindin tsamiya, a kuma sa motar ta manta da su, don har yanzu tana kiran su. Daga nan ta juya kan Salmatu wajen Kalilu, ta koma muryar Shamsu.

"Baba, in na tahi ba ka ƙara ji na. Ka bar mani ɗiyar ga, kullum sai mu yi hira."

Malam ya dube shi. Habsatu ta dube shi. Kalilu bai ce komai ba, kuma shirun ya yi tsawon da bai kamata ba. Da ƙyar ya sa hannu a aljihu, ya fito da ƙarafan yana kuka.

"Tahi," ya ce. "Ɗana yana kushewa. Tahi."

Kafin isha'i ya kai su gindin tsamiya, aka kira Abbas ya jona kwamfuta. Tayoyin suka amsa ɗaya bayan ɗaya, jar wutar ta mutu. A gida Salmatu ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki.

Da ya dawo ya tarar Habsatu tana ba ta kunu da ludayi. Ya durƙusa, ya ce sannu, ya kai hannu zai taɓa goshinta. Yarinyar ta janye kanta kaɗan. Ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Baba, duk ina jin ku," ta ce da muryarta. "Na ji sa'ad da aka tambaye ka, ka yi shiru."